Kwana Talatin da Na Bari Suka Wuce

Na goge asusuna na Facebook, gogewa ta har abada, kuma har yau ban yi nadamar barinsa ba. Abin da ke ci mini rai daban ne: wani fayil da na sauke kafin in goge, na ajiye a kwamfuta, na kwashe kwana talatin cur ban buɗe shi ba.

Shekara goma sha uku na yi a kai. Tunanin fita ya fara zo mini tun 2018, lokacin badaƙalar kamfanin Cambridge Analytica, da aka bayyana cewa bayanan masu amfani da Facebook har kusan miliyan 87 sun faɗa hannun da bai dace ba. Amma in faɗi gaskiya, ba wannan ne ya fitar da ni ba. Abin da ya fitar da ni shi ne ganin kaina ƙarfe biyun dare ina cacar baki da mutumin da ban taɓa gani ba, da kuma ranar da ɗana ya gama ba ni labari ya tambaye ni me ya ce, na rasa amsa, don idona na kan waya. Sau uku ina dakatar da asusun, sau uku ina dawowa. Dakatarwa ba ta hana komai, da ka sa kalmar sirri sai komai ya dawo yadda ka bar shi. Sai na ce wannan karon gogewa zan yi.

Kuma na shirya, ko in ce na ɗauka na shirya. Na bi manhajojin da nake shiga ta Facebook ɗaya bayan ɗaya na mayar da su kan imel, domin in asusun ya tafi wannan ƙofar ta rufe. Shafin sana'ata da ni kaɗai ke kula da shi na ɗora wani a kai, tunda shafin da ba shi da wani mai kula yakan bi asusun mai shi su tafi tare. Na karɓi lambobin waɗanda nake son mu ci gaba da zumunci. Duk wannan ya tafi lafiya lau.

Sai maganar sauke bayanai. A wajen da ake neman kwafin bayanan akwai 'yan akwatuna da ake zaɓa: irin fayil ɗin, HTML ko JSON, ingancin hotuna, da kuma tsawon lokacin da kake so a haɗa maka. Na tsaya na yi tunani a kan na farko, na zaɓi HTML don shi ake iya buɗewa a karanta kamar shafin intanet. Na ɗaga ingancin hotuna zuwa mafi kyau. Akwatin lokaci kuwa ban ko dube shi ba. Yana kan shekara ɗaya da ta wuce, rubutun yana nan ɓaro-ɓaro a gabana, ni kuma hankalina ya riga ya tafi kan maɓallin gogewa.

Da saƙon imel ya zo cewa fayil ya kammala, na sauke shi cikin 'yan mintoci. Ina tuna lokacin sarai. Zuciyata ta ce mini, shekara goma sha uku, da hotuna da bidiyo da saƙonnin murya, a ce sun sauka da wuri haka? Na ce ai matse su ake yi. Na sa wa fayil ɗin suna, na tura shi cikin wata jaka, na koma na danna gogewa.

Facebook yana ba mutum kwana 30 bayan ya nemi a goge. A cikin kwanakin nan ba wanda zai ga asusunka, amma in ka shiga za ka iya soke buƙatar, komai ya dawo. A da ma kwana 14 ne, a 2018 aka ƙara. Instagram da TikTok da X duk kwana 30 ɗin suke bayarwa. Ni kuma sai na ɗauki kwanakin nan a matsayin jarrabawar juriya. Kullum da safe sai in ja layi a kalanda, ina jin daɗi cewa yau ma ban shiga ba. Duk abin da ya shafi Facebook na guje shi, har da fayil ɗin, don kada ganin tsofaffin hotuna ya karya mini zuciya in koma. Ashe kwanakin da nake ƙirgawa da alfahari su ne kaɗai damar da nake da ita ta gyara kuskurena, ina kallo suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Yayana, Allah ya jiƙansa, shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Ya yi shekaru yana aiki nesa da mu, kuma mutum ne da ba ya son rubutu. Komai da murya yake turowa ta Messenger: gaisuwa, faɗa, shawara, wani lokaci dariya kawai. Shekara wajen bakwai muna haka. Ban taɓa ƙirga su ba, amma sun kai ɗaruruwa. Bayan rasuwarsa na daɗe ban iya saurara ba, sai dai sanin suna nan yana kwantar mini da hankali.

Kamar mako biyu bayan cikar wa'adin na je gaida Umma. Muna zaune bayan magariba, ta yi shiru na ɗan lokaci, sai ta ce, "Wai har yanzu kana da muryar yayanka a wayar nan? Kunna mini in ji."

Na ce, "Ina da ita, Umma. Na mayar da su kwamfuta ne, bari in ɗauko."

Na buɗe kwamfutar a kan cinyata, tana gefena tana jira. Na warware fayil ɗin karo na farko, na shiga jakar saƙonni. Sunayen mutane suka jeru: abokan aiki, wani da na taɓa yi wa tambaya sau ɗaya, har mutumin nan da muka yi cacar baki. Na gangara har ƙasa, na dawo sama, na rubuta sunan Yaya a wajen nema. Babu. Na shiga jakar hotuna, na ga mafi tsufansu bai wuce wata goma sha biyu ba. A nan na gane. Wanda ya rasu shekara huɗu da suka wuce ba shi da saƙo ko ɗaya a cikin shekarar da ta gabata.

Umma ta ce, "Lafiya? Ko na'urar ce ta ƙi?"

Na ce, "Ina zuwa, Umma." Hannuna na rawa. Da na buɗe fayil ɗin nan ko da a rana ta ashirin da tara ce, minti biyar ya ishe ni in gani, in shiga in soke gogewar, in sake neman kwafi tun daga farko.

A daren nan ban yi barci ba. Na gwada shiga da tsohuwar kalmar sirri, babu asusun. Na ci karo da bayanin cewa share komai daga rumbunan ajiyarsu yana iya ɗaukar kwana 90, sai na ji wani ɗan fata ya taso mini. Da na karanta da kyau na fahimci wannan lokacin sharewa ne kawai, ba lokacin da mai asusu zai iya karɓar wani abu ba. Bayan kwana 30 zance ya ƙare.

Sai na tuna wani abu: saƙonnin da ka yi da mutum ba sa gogewa daga ɓangarensa don ka goge naka asusun. Ke nan hirarmu gaba ɗaya tana nan a akwatin Yaya. Da gari ya waye na kira matarsa. Ta ce, "Ai ka manta? Ni da kai muka nemi a mayar da shafin na tunawa da shi. Wallahi ko ni ba zan iya shiga ba." Haka ne kuwa. Asusun da aka mayar na tunawa da mamaci ba mai iya shiga cikinsa. Ko wanda mamacin ya naɗa ya kula da shafin bayan ransa, yana iya yin abubuwa kamar canza hoto ko maƙala sanarwa a sama, amma ba shi da ikon karanta saƙonni. Kuma ban ga laifin wannan ƙa'ida ba, ni ma ba zan so a buɗe hirarrakina bayan raina ba. Sai dai akwai ciwo a ce muryar tana nan a ajiye, ka san inda take, kuma mabuɗi ɗaya tilo da ya rage kai ka jefar da shi da hannunka.

Wannan ƙa'idar ta saƙonni tana da ɗaya fuskar da ya kamata mai niyyar gogewa ya sani. Duk baƙar maganar da na taɓa tura wa wani cikin fushi tana nan a wajensa. Wanda yake son gogewa don ya wanke abin da ya faɗa a baya, ya sani rabin hirar kawai yake da iko a kai.

Yanzu duk wanda ya ce mini zai goge asusunsa, ba na hana shi, har ƙarfafa masa gwiwa nake yi. Amma sai na tsare shi da tambaya ɗaya: ka buɗe fayil ɗin? Ba saukewa nake nufi ba, buɗewa. Ka zaɓi lokaci tun daga ranar da ka buɗe asusun. Ka tuna mutum ɗaya da ba za ka iya jure rasa saƙonsa ba, ka nemi sunansa a ciki, ka kunna muryarsa ka ji da kunnenka, ka duba hoto mafi tsufa ka ga shekararsa. In asusun ya daɗe kuma fayil ɗin ya sauka nan take, ka yi zargi. Ka kuma lura cewa tun ƙarshen 2023 Messenger ya fara rufe hirarraki ta yadda daga kai sai wanda kuke magana ke iya karantawa, irin waɗannan hirarrakin kuma hanyar sauke su daban ce. Hotunan da wasu suka ɗora suka ambace ka a ciki ma nasu ne, sai ka bi su ka ajiye da kanka. Duk wannan kafin ka taɓa maɓallin gogewa, sannan ka sake dubawa tun kwana talatin ɗin ba su cika ba.

Abin da na fita nema kam na samu. Makon farko yatsana yana ta zuwa gurbin da manhajar take a da, daga baya ya daina. Ina barci da wuri. Labarin da ya zama dole in ji yana iso ni, ko ta kira ko ta bakin mutane. Ba na marmarin komawa ko kaɗan, kuma shi ya sa abin ya fi ƙona mini rai, don da na tsaya na duba akwati ɗaya da ban rasa komai ba.

Na gaya wa Umma gaskiya bayan kwana biyu. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri," ta kawar da kai. Da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ƙanwarmu ce ta kira ni bayan wani lokaci. Ta ce, "Yaya, ka tuna zauren hirar nan na gida da muka daina amfani da shi? Na shiga na yi ta gangarawa, na samu guda uku." Saƙonnin muryar da marigayin ya tura a zauren suna nan a wajen duk wanda bai goge asusunsa ba. Biyu gajeru ne, gaisuwa kawai. Na ukun ya kusa minti ɗaya, yana roƙon mu rage turo hotuna da tsakar dare don ƙarar waya tana hana shi barci, sai dariya ta ƙwace masa a tsakiya, ya kasa ƙarasa maganar.

Na ajiye su a waya, a kwamfuta, da kuma imel ɗina, na buɗe kowanne na saurara kafin in tashi. Da na kai wa Umma ta karɓi wayar ta kara a kunnenta, duk da sautin yana fita sarai. Da ya ƙare ta miƙo mini ta ce in sake kunna na dariyar.