Godiya ga waɗanda suka yi jinyar mai jinya

Assalamu alaikum warahmatullah.

Yau Lahadi 12 ga Mayu, ranar ma'aikatan jinya ta duniya. Gobe Litinin in Allah ya kai mu zan saka fararen kayana in koma bakin aiki, bayan wata uku ina gida. Da yawanku kun ji ba ni da lafiya, wasu sun zo dubiya, wasu sun bugo waya ban ɗauka ba. Kaɗan ne suka san ainihin abin da ya kwantar da ni. Na ga bai kamata in koma aiki da bashin godiya a wuyana ba, kuma godiyar ba za ta cika ba sai na faɗi abin da aka yi mini ita a kai.

Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya, mafi yawansu a ɗakin yara. Da daminar 2023, lokacin da cutar mashaƙo ta yi tsanani a Kano, aka tura ni ɗakin da aka keɓe wa masu ita. Wanda bai shiga irin ɗakin nan ba ba zai gane ba. Yaro ne za a kawo wuyansa ya kumbura, ka haska maƙogwaronsa ka ga wata fata mai ruwan toka ta shimfiɗu a ciki, numfashinsa na fita da ƙara kamar ana jan zarto. Yawancinsu ba a taɓa yi musu rigakafi ba. Maganin da ke karya dafin cutar daga jinin doki ake samar da shi, ga shi ya yi ƙaranci, ga shi dole ka tsaya a kan yaro kana lura ko jikinsa zai ƙi shi. Mu biyu ne a dutin dare, daga takwas zuwa takwas, kuma sau da yawa sai mun haura tara na safe kafin mu miƙa aiki.

Akwai wata yarinya 'yar shekara bakwai da har yau ban manta da ita ba. Ta sha wuya kwanaki, sannan ta farfaɗo. Kumburin ya saɓe, ta soma zama, har ta ce wa mahaifiyarta awara take so. Ni da kaina na aika aka sayo mata. A dare na goma na zo duba ta na ji bugun zuciyarta ya rikice. Mun san haka mashaƙo yake, dafinsa na iya komawa kan zuciya bayan mako ɗaya ko biyu, lokacin da kowa ya soma murna. Sanin bai hana ni jin kamar ni ce na yi sakaci ba. Kafin asuba Allah ya karɓi abarsa. Na cire mata kanula, robar da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa da allura, na rufe ta da zanin uwarta, na wanke hannu na wuce gado na gaba, don akwai allurar ƙarfe shida tana jira. Ban yi kuka ba. A lokacin na ɗauka jarumta ce.

Annobar ta lafa, aka mayar da ni ɗakina na da, amma ni ban dawo ba. Barci ya ƙaurace mini. In na rufe ido sai in ji wannan ƙarar numfashin. Na soma shan maganin barci ba tare da likita ya rubuta mini ba, abin da nake hana marasa lafiya kullum. Yarana suka koma tafiya a sanɗa idan ina gida. Abin da ya fi tsorata ni daga baya shi ne yadda zuciyata ta bushe. Uwa za ta zo tana kuka ɗanta na zazzaɓi, ni kuwa in ji haushi take ba ni. Duk wanda ya tambaye ni ya aiki, sai in ce alhamdulillahi, aikinmu sai haƙuri.

A wani dare cikin Fabrairu na zuƙi maganin wani yaro a sirinji, na nufi gadon wani yaron daban. Abokiyar dutina ce ta riƙe hannuna. A hankali ta ce, "Sista, ba nasa ba ne." Ina jin haka ƙirjina ya ƙulle, hannuna ya kama rawa, gumi ya keto mini, na zame na zauna a ƙasa ina jin kamar raina ne zai fita. Da ita zan fara godiya. 'Yar'uwata, kin ceci yaron nan, kin cece ni. Ba ki yi mini tsawa a gaban iyaye ba. Kin kai ni ɗakinmu, kin auna jinina kin ga ya hau, kin ba ni ruwa, sannan kin riƙe ɗakin ke kaɗai har gari ya waye. Da safe kuma ba ki rufa mini asirin da zai cutar da ni ba, kika ce tare za mu je mu faɗa wa Metron, shugabarmu ta ma'aikatan jinya. Na ji haushinki a ranar. Yau ina yi miki addu'a a kowace sujada.

Metron, Allah ya saka miki da Aljanna. Na shiga ofishinki ina jiran takardar tuhuma. Sai kika rufe ƙofa, kika ce in zauna, kika tambaye ni, "'Yata, yaushe rabonki da barcin kirki?" A nan kukan da na riƙe wata shida ya ɓalle. Kin bar ni na yi mai isata. An rubuta rahoton abin da ya faru kamar yadda ƙa'ida ta ce, ba ki ɓoye komai ba, amma kin rubuta har da yawan daren da na yi a jere. Ke kika sa aka haɗa ni da likita a ranar, ke kika bi takardun hutuna har aka sa hannu, kuma kin cire ni daga dutin dare na watannin farko bayan dawowata.

Maigida, Abban yara, na san abin da ka haɗiye. Ka sha faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ba ka rama ba. Da aka ce sai mun ga likitan ƙwaƙwalwa, ni ce na tirje. Duk ɗan Kano ya san abin da mutane ke nufi idan suka ce a kai wane Dawanau. Na ce me za a ce, nas guda ta haukace? Ka ce mini da ƙafata ce ta karye ba zan tsaya tambayar me za a ce ba. Kai ka riƙa kai ni kana jira a benci har in fito. Hajiya kuwa, surukata da ta zame mini uwa, ta kwashe yaran uku zuwa wurinta duk tsawon azumi, tana aiko mini da kunun gyaɗa da zogale. Ranar da na ce kunya nake ji ina kwance wasu na aiki, cewa ta yi, "Ke dai kwanta. Rai dangin goro ne, hutu yake so." Hajiya, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Ina godiya ga Malaminmu na Islamiyya. Na je masa da tsoron ko imanina ne ya yi rauni, don har salla sai in tsaya ban san raka'a nawa na yi ba. Ya ba ni azkar na safe da yamma, ya yi mini addu'a, sannan ya ce kada in kuskura in bar maganin asibiti. Ya tuna mini maganar Annabi, sallallahu alaihi wasallam, ga Abdullahi ɗan Amru da ya matsa wa kansa da ibada, cewa jikinka yana da haƙƙi a kanka, idonka yana da haƙƙi a kanka. Ya ce in har ibada ba a yarda mutum ya kashe kansa a kanta ba, to aikin albashi fa? Ya kuma ba ni labarin Rufaida Al-Aslamiyya, wadda aka kafa wa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, har Sa'adu ɗan Mu'azu a wurinta aka kwantar da shi bayan yaƙin Khandaƙ. Ya ce sana'ar da na riƙe mai asali ce, in kula da kaina don in daɗe a cikinta.

Likitana da malamar da ke zama da ni duk mako muna tattaunawa, ban san da bakin da zan gode muku ba. Ku kuka sa wa abin suna. Kuka ce ciwon damuwa ne ya hau kan gajiyar aiki da ta daɗe tana cina. Kuka bayyana mini cewa tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da irin wannan ƙonewar da aiki ke jawowa, kuma alamunta uku ne: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta janye daga aikin, mutum ya ga ba ya iya abin da ya saba iyawa. Ina jin haka na ga kaina tsaf. Ashe bushewar zuciyar nan ba mugunta ba ce, alama ce. Kun gaya mini maganin ba ya aiki rana ɗaya, sai an yi makonni, kuma ba a yanke shi don an ji sauƙi. Har yanzu ina sha, kuma ba na ɓoyewa.

Abubuwan da kuka koya mini ƙanana ne, shi ya sa nake son 'yan'uwana su ji. Babba yana bukatar barcin aƙalla awa bakwai, ko da rana ce bayan dutin dare, a ɗaki mai duhu, waya a kashe. Shayi mai kauri da kofi da goro da muke sha don mu kai safiya suna daɗewa a jiki awanni, don haka na daina taɓa su idan dare ya raba. Idan ƙirji ya soma ƙullewa, in ja numfashi ta hanci a hankali, in sake shi a hankali fiye da yadda na ja, sau da dama, har jiki ya sauka. In ci abinci a zaune ko na minti goma ne. In yi tafiyar ƙafa da yamma. Wanda ya fi yi mini wuya shi ne idan mun rasa majinyaci kada in wuce gado na gaba kamar ba abin da ya faru. In samu abokiyar aiki mu yi maganar kafin mu tashi, ko da a tsaye ne.

Amma zan faɗi gaskiya, jan numfashi ba ya maye gurbin ma'aikaci. A farkon shekarar 2024 hukumar da ke yi mana rajista ta ce nas-nas da ungozoma sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Duk wadda ta tafi Ingila ko Saudiyya, gadajenta suna nan, kan waɗanda suka rage suke komawa. Ba na ganin laifin mai tafiya. Kirana ga masu iko shi ne a ɗauki ma'aikata, a daina jera wa mutum ɗaya dare babu hutu, a samar mana da wanda za mu kai wa damuwarmu cikin sirri. An sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Muna so mu ga amfaninta a ɗakin da muke aiki.

'Yan ɗakinmu, na ga jadawalin aiki, na san waɗanda suka raba dutina a tsakaninsu alhali su ma a gajiye suke. 'Yan adashenmu da suka ba ni ɗauka ba layina ba ne, na gode. Baba mai shara, wadda ta hau Adaidaita tun daga unguwarsu ta zo duba ni da ƙullin dabino, wallahi zuwanki ya fi mini abubuwa da yawa. Ƙannena ɗalibai masu koyon aiki da suka riƙa turo saƙo, ina ganin saƙonninku ko da ban amsa ba.

Akwai kuma baƙuwar da ban zata ba. Bayan ƙaramar salla mahaifiyar yarinyar nan ta yi ta tambaya har aka kwatanta mata gidana. Ta zo da ƙannen marigayiyar biyu, ta ciro katunan rigakafinsu daga jaka ta nuna mini, an cike su. Ta ce, "Malama, na ji ba ki da lafiya. Na zo in ce miki ban taɓa riƙe ki da komai ba. Ina kallonki daren nan, kin yi iya yinki." Ta ce har yau tana tuna awarar. Mun yi kuka tare a tsakar gida. Baiwar Allah, kin sauke mini dutsen da magani bai sauke ba. Allah ya jiƙan 'yarki, ya sa mai ceto ce, ya raya miki sauran.

Ina neman afuwar duk uwar da na ɗaga wa murya a watannin nan, da duk abokin aikin da na ɓata wa rai. Ku yafe mini don Allah. 'Yar'uwa ko ɗan'uwa ma'aikacin jinya da ya karanta wannan ya ji kamar labarinsa ne, akwatin saƙona a buɗe yake, abin da muka tattauna kuma zai tsaya tsakaninmu. Zan raka ka wurin likita in kana jin nauyin zuwa kai kaɗai.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan yaran da muka rasa a annobar nan. Gobe dutin safe nake, ƙarfe takwas. Ku sa ni a addu'a.