Yadda maginan Delhi suka koyi ɗaure baka da ɗora ƙubba

Duk wanda ya tsaya gaban manyan bakunan masallacin Quwwatul Islam a Delhi, waɗanda aka ɗaga a 1199 zamanin Kutubuddin Aibak mai mulkin birnin, ya duba layin duwatsun da kyau. A kwance suke, sahu bisa sahu. Masu mulki sun zo da siffar baka mai tsini irin ta Farisa, amma maginan ƙasar da ginshiƙi da gicciyen dutse suka saba. Sai suka riƙa turo kowane sahu gaba kaɗan har ɓangarorin biyu suka haɗu a sama, sannan suka sassaƙe gefen. A ido baka ne, amma nauyin yana danne bakin dutsen da ya leƙo, kuma dutse ba ya jure lanƙwasa. Faɗin ƙofa na ƙaruwa, tsaga na biyo baya.

Baka na ainihi daban yake. Ana fara kafa makari na katako, a sassaƙa kowane dutse da kai mai faɗi da gindi siriri, a jera daga dama da hagu a lokaci guda, na tsakiya ya shiga a ƙarshe ya kulle. Kwaɓin kuwa na ƙonannen dutsen farar ƙasa ne, sau da yawa da garin jan bulo. Yana jinkirin kamawa, don haka gaggawar cire makari ita ke sa baka ya lotsa. Nauyin yana tura bango waje, dole bangon ya yi kauri.

Ƙubba ta fi wuya: ɗaki mai kusurwa huɗu, rufi zagayayye. Ana ɗaure ƙaramin baka a kowace kusurwa, huɗu su zama takwas, daga nan a kusanci da'ira. A kabarin sarkin Delhi Iltutmish na 1235 kusurwoyin suna nan, ƙubbar babu.

A ganina ƙofar Alai Darwaza ta masallacin Quwwatul Islam, ta 1311, ita ce ke nuna hannu ya faɗa: baka na ainihi, ƙubba ta ainihi, jan dutse da farin marmara. Sai Gol Gumbaz, kabarin wani sarki a Bijapur can kudancin Indiya, na 1656, mai ƙubbar da faɗinta ya kai kusan mita 44. An zaunar da ita kan bakuna takwas masu ratsa juna, nauyinsu yana rinjaya ciki, yana tare turin da ƙubbar ke yi waje.