Neman ƙwararren likita a Yamai da takardar gwamnati a hannu

Duk ɗan Tawa da ke zaune a Yamai ya san ɗakin baƙinsa na majinyata ne. Bana ƙanena ne ya sauka wurina, malamin firamare, mai mata da yara uku. Ya je ba wata maƙwabciyarsu jini, aka auna, aka ce ba za a ɗauki nasa ba, yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Ba zazzaɓi, ba ciwon ciki, idonsa fari tas. Da dare ya kira ni murya na rawa: "Yaya, mi za ni yi? An ce in nemi ƙwararre, kuma ka san albashina."

Tambayarsa ta farko ita ce wane likita ne ke karɓar inshorar gwamnati. A ƙasarmu Nijar dai babu wani kati guda da kowane ɗan ƙasa zai miƙa a duk asibitin da ya ga dama. Abin da ke akwai rabe-rabe ne. Yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ake duba su tun 2006, tiyatar haihuwa ma kyauta ce. Maganin tarin fuka da na sida, wato ƙanjamau, ba a sayar da su. Daga watan Satumba na 2024 an rage rabin kuɗin ganin likita da awo da kwanciya a asibitocin gwamnati. Sai ma'aikacin gwamnati mai lambar aiki, wanda ake ba takardar ɗaukar nauyi, gwamnati ta biya kashi 80 cikin ɗari, shi ya cika sauran. Wannan takarda ita ce ƙanena yake da ita, kuma a asibitin gwamnati take aiki. Ka kai ta kilinik mai zaman kanta, za a gaishe ka da mutunci a nuna maka wurin biya.

Saboda haka muka daina tambayar sunan likita, muka koma tambayar sashe. Babban Asibitin Ƙasa na Yamai yana da sashen cututtuka masu yaɗuwa, likitocin ciki da hanta su ma suna duba irin wannan ciwo. Na ce da shi kada ya hau mota sai ya karɓi wasiƙar turawa daga likitan da ya fara ganinsa a Tawa, ya kuma gama da takardar ɗaukar nauyinsa tun can. Tafiyar ta fi kilomita 500, ta Ƙonni da Dogondutsi da Doso, ba wadda mutum zai koma ba ce don an rasa hatimi ɗaya.

Da ya iso Yamai, bayan sallar asuba muka kama hanyar asibiti, takardunsa cikin jakar leda, kowace da kwafinta. A bencin jira akwai wata dattijuwa da ta kawo ɗanta daga ƙauye. Ta kwance bakin zanenta tana ƙirga kuɗi, ta ɗaure, can an jima ta sake kwancewa ta ƙirga. Ta dubi jakar ƙanena ta ce, "Ɗana, ku wace takarda ce taku?" Ya yi mata bayani. Ta ce, "Mu manoma ne," ta yi shiru. Wannan abu yana ci mini rai har yanzu. Manomi da ɗan kasuwa da mai kabu-kabu su ne mafi yawanmu, kuma su ne ke biya daga aljihu. Ko a makarantar ƙanena, malaman kwantaragi da suke aiki ɗaya da shi ba su da irin takardarsa.

Likitan bai yi mana gaggawa ba. Kafin komai ya tambaya ko yana shan wani abu. Ƙanena ya ce gwaggonmu ta haɗo shi da jarkar jiƙon sassaƙe. Likitan ya ce ya ajiye, domin duk abin da aka sha hanta ce ke tace shi, ita kuwa yanzu hutu take so. Ya bayyana mana cewa ba duk mai ɗauke da ƙwayar ba ne ke buƙatar magani nan take. Sai an auna lafiyar hantar, an yi hoton ciki, an kuma ƙirga yawan ƙwayar a jini. In an ɗora mutum a kan maganin da ake kira tenofovir, ƙwayar magani ɗaya ce kullum, kuma ba a dainawa don an ji sauƙi.

A awon yawan ƙwayar ne takarda ta tsaya. A wajen asibitin muka yi shi, da kuɗinmu, ya kusa lashe guzurin da ya zo da shi. Mai shirin irin wannan tafiya ya ware wa wannan awo kuɗi daban.

Sakamako ya nuna ƙwayar ba ta da yawa, hantar kuma lafiya lau. Ba a ba shi magani ba, an ce ya dawo bayan wata shida da sabon awo. Likitan ya nanata a auna iyalinsa. Yaran sun samu rigakafi tun suna jarirai, don allurar tana cikin jerin na yara a Nijar tun 2008. Matarsa ba ta ɗauke da ƙwayar, ta fara nata alluran a Tawa, saura biyu.