Rangwame da Famfo: Yadda Rasha Ke Siyasa da Iskar Gas

Duk lokacin da aka ce Rasha ta mayar da iskar gas makami, abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne rufe famfo a tsakiyar hunturu. Hakan ya faru, kuma ba sau ɗaya ba. Sai dai a ganina babban ƙarfin Mosko ya fi shekara 20 yana cikin rangwamen farashi ne, kuma rufe famfon da ta yi a 2022 shi ne ya zubar da kwarjinin da ta daɗe tana tarawa.

Cinikin ya samo asali tun zamanin Tarayyar Sobiyet. A 1970 Jamus ta Yamma ta amince ta ba da manyan bututun ƙarfe da lamunin banki, ita kuma a biya ta da gas na Saberiya. Gwamnatin Reagan ta yi ƙoƙarin daƙile irin wannan hulɗa da takunkumi a farkon shekarun 1980, amma Turawa suka ƙi saurara, domin kuwa ko a lokacin da zaman doya da manja ya fi tsanani tsakanin Gabas da Yamma, gas bai daina kwarara ba. Wannan amana ita ce jarin da kamfanin Gazprom, wanda gwamnatin Rasha ke riƙe da fiye da rabin hannun jarinsa, ya gada.

Yukren ce ta fi kowa sanin yadda farashi ke hawa da sauka daidai da alƙiblar shugabanta. Bayan zaɓen 2004 ya kawo Viktor Yushchenko mai karkata ga Yamma, Gazprom ya nemi ƙarin kuɗi mai yawa, ya kuma rage gas a ranar 1 ga Janairun 2006. A Janairun 2009 rikicin ya fi muni, inda aka shafe kusan mako biyu babu abin da ke wucewa ta Yukren zuwa Turai, masana'antu suka tsaya a Bulgariya da Silobakiya, gidaje suka kwana cikin sanyi a ƙasashen Balkan. Amma da Viktor Yanukovych mai karkata ga Rasha ya hau mulki sai salon ya sauya. A yarjejeniyar Kharkiv ta Afrilun 2010 an yi wa Yukren rangwamen da ya kai dala 100 a kan kowace kubik mita 1,000, ita kuma ta tsawaita wa rundunar ruwan Rasha zama a tashar Sevastopol da ke yankin Kirimiya har zuwa 2042. A Disamban 2013, makonni kaɗan bayan Yanukovych ya fasa sanya hannu a yarjejeniya da Tarayyar Turai, Putin ya sauke farashin daga kusan dala 400 zuwa 268.5, ya haɗa da alƙawarin rancen dala biliyan 15. Da aka kifar da Yanukovych, bai wuce Afrilun 2014 ba farashin ya koma dala 485. Gas ɗin bai sauya ba, bututun ma shi ne dai. Mai mulki a Kyiv ne kawai ya sauya. Belarus kuwa ta sha araha shekara da shekaru, amma zuwa 2011 Gazprom ya mallake kamfanin bututunta, Beltransgaz, gaba ɗaya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Da Jamus an bi ta wata hanyar. Bututun Nord Stream, mai tsawon fiye da kilomita 1,200 a ƙarƙashin tekun Baltik, ya fara aiki a 2011, kuma an tsara shi ya ɗauki kubik mita biliyan 55 a shekara kai tsaye daga Rasha, ba tare da ya ratsa Yukren ko Polan ba. Gerhard Schröder, wanda aka ƙulla aikin a ƙarshen mulkinsa a 2005, ya sauka daga kujerar shugaban gwamnati ya samu babban muƙami a kamfanin bututun, abin da har yau Jamusawa da dama ba su yafe masa ba. Zuwa 2021 fiye da rabin gas ɗin da Jamus ke shigowa da shi daga Rasha yake, ita kuwa Tarayyar Turai baki ɗaya wajen kashi 40 cikin 100.

Sai 2022 ta zo. Bayan mamayar Yukren da takunkuman da suka biyo baya, Putin ya ce ƙasashen da ya kira marasa zumunci su biya da kuɗin rubul, aka yanke wa Polan da Bulgariya gas a ƙarshen Afrilu saboda sun ƙi, sannan aka riƙa rage na Nord Stream bisa hujjar gyaran inji har ya tsaya cak a ƙarshen Agusta, kafin wasu abubuwa su fashe su lalata bututun a ranar 26 ga Satumba. Farashi a kasuwar Turai ya haura yuro 300 a kan megawat-awa ɗaya. An ji jiki ƙwarai, amma Turai ba ta janye goyon bayanta ga Yukren ba. Jamus, wadda ba ta da tashar karɓar gas ɗin da ake mayarwa ruwa a ɗauko a jirgi (LNG) ko ɗaya, ta buɗe ta Wilhelmshaven a Disamban shekarar, jiragen ruwa suka riƙa kawo gas daga Amurka da Katar, Norwe ta ƙara nata. A wannan tsakani ne ma Najeriya da Nijar da Aljeriya suka sake farfaɗo da maganar bututun da zai ratsa Sahara domin kai gas Turai, suka rattaba hannu a Yulin 2022.

Ɗanyen mai bai shiga irin wannan tarko ba, saboda a jirgin ruwa ake ɗaukarsa: da Turai ta rufe ƙofa, sai ya nufi Indiya da Sin a farashi mai rahusa. Gas na bututu ba shi da wannan dama, domin inda aka binne ƙarfen can zai je. Gazprom ya tafka asarar rubul biliyan 629 a 2023, karo na farko cikin sama da shekara 20, kuma a ranar 1 ga Janairun 2025 hanyar Yukren ta rufe da ƙarewar kwangila. Bututun TurkStream da ya bi ta Turkiyya ne ya rage, inda Hungari da Sabiya ke ci gaba da saye.

Mosko ta juya ga Sin, amma bututun Power of Siberia, wanda aka ƙulla a 2014 ya fara aiki a 2019, kubik mita biliyan 38 kawai aka tsara masa a shekara, alhali Turai ta sayi kimanin biliyan 155 a 2021. Bututu na biyu da zai bi ta Mongoliya ya shafe shekaru a teburin ciniki, kuma a wannan karon Beijin ce ke taya farashi, Gazprom na jiran ta sallama masa hanya.