TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 14): Bishiyar Tauraro

Salamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da shirun wancan satin, ƙaramin ne ba lafiya amma alhamdulillahi ya warware. Mun tsaya a inda muka tare a gidanmu na Ɗorayi, gidan da ko filasta ba a gama ba, tsakar gida fetal ba inuwar da ko akuya za ta raɓa.

A shekarar ne Yaya ya dawo daga karatu Maleshiya. Kowa ya samu turare da gyale, ni kuwa sai ya miƙo min wasu 'yan ƙwayoyi a ƙunshe cikin tishu wai irin karambola ne, wata 'yar itaciya da in ka yanka ta a kwance sai ta fito sak tauraro mai tsini biyar. Na shuka a gwangwanin madara na yi ta bayi har wata guda, shiru kake ji. Ashe irinta in ya bushe 'yan kwanaki kaɗan yake ya mutu, shi kuma ya fi wata biyu a akwati.

Baba ne abin ya tsaya wa a rai. Shi da ma mutum ne mai son shuka, duk darbejiyar layinmu na cikin gari da hannunsa ya dasa. Ya yi ta cigiya wajen masu saida fulawa na bakin titi har wani mai kawo kaya daga kudu ya samo masa dashe, mai aure ma kuwa. Yace "Uwata, mai aure a shekara biyu za ki ga ɗa, na iri kuwa sai ki shekara biyar kina kallon ganye." Shi ya zaɓi wajen, lungun bayan kicin inda katanga ta tare gabas da arewa, ya sa aka haƙa rami aka cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin shanu.

Daren farko na leƙa da tocila na ga ganyen duk ya langaɓe ya haɗe, na kira Yaya ina neman kuka, ya dinga min dariya wai barci take, haka take yi kullum da daddare. Da safe kuwa ta miƙe garau.

Wahalar gaske sai da hunturu ya shigo. Ita bishiyar ƙasar ruwa da laima ce, iskar Kano busasshiya ba ta san ta ba, cikin sati biyu ganye ya zube saura tsinke, Abban yara har yana tsokanata wai na dasa asuwaki. Ga ruwa sai an saya wajen mai garuwa. Dabarar da na yi, na mayar da wajen alwalarmu gindinta, na lulluɓe ƙasar da ɓawon gyaɗa, na kafa buhu ya tare iska, ruwan omo kuwa na hana kowa zubawa ko kusa. Kuskure ɗaya na tafka, wata maƙociyata tace in zuba toka, na zuba, sabon ganye ya fito rawaya fatau, ashe ƙasa mai ɗan tsami take so toka kuma kashe tsamin take. Da damina kuma sai da na yi mata 'yar kwata don ba ta son ruwa ya kwanta mata.

Shekara ta biyu ta yi fure, ƙanana ruwan hoda, zafin Afrilu ya kakkaɓe su tas. Ta uku ce ta riƙe, guda 11 na ƙirga. Na bi su ɗaya-ɗaya na ɗaure da takarda saboda ƙuda kamar yadda Yaya yace manoman Maleshiya suna yi, na hana yara taɓawa sai sun yi rawaya a jikin uwar, don in ka cire ta kore ba ta ƙara zaƙi.

Lokacin Baba ya fara zuwa wankin ƙoda sau biyu a sati. Ran Juma'a na zaɓi huɗu mafi kyau na sa a kwanon samira zan kai wa Baba, ina shiga soro na ci karo da Yaya, ya buɗe kwanon sai na ga fuskarsa ta canja. Yace "Ke, kar ki kuskura. Mai ciwon ƙoda ba ya shan wannan ko yanki ɗaya, akwai guba a ciki da lafiyayyar ƙoda ce kawai ke fitar da ita, shaƙuwa take fara sa mutum, daga nan ruɗewa da jijjiga, wasu har rasa rai." Jikina ya yi sanyi ƙalau.

Ashe Baba yana jin mu daga ɗaki. Yace "Uwata shigo da ita, ai ba a hana ni gani ba." Ya juya ta a hannu, ya shinshina, ya sa na yanka a gabansa, ya ɗaga yanki ɗaya saitin taga yana ƙirga tsinin da yatsa. Sannan ya kira jikokinsa ya raba musu, yana tambayar kowa tsami ko zaƙi.

Sai sati mai zuwa in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin yadda maganar ba da ƙoda ta taso a gidanmu.