Cocin da na ɗauka rumbu ne

Wallahi da na hango shi daga nesa na ɗauka wani ƙaton rumbu ne, fari fat, zagayayye, da baƙar hula mai tsini a ka, sai da muka matso na ga ashe coci ne. Osterlars sunansa, shi ne babba cikin irinsa guda 4 da ke tsibirin Bornholm na ƙasar Denmak, sauran su ne Nylars da Olsker da Nyker, shi kam tun wajen ƙarni na 12 yake tsaye.

Kuma fa ban yi kuskure sosai ba, don ginin ba na ibada kaɗai ba ne. A ƙasa ake addu'a, an kewaye wani ƙaton ginshiƙi mai zane-zane a jiki, sama kuwa ta wani tsukukun matakala a cikin bango ake hawa, mutum ɗaya-ɗaya, ni da ba ni da ƙiba ma sai da na karkace. Masana na cewa can ake ɓuya da ajiye kaya in 'yan fashin teku sun kawo hari, in ka ga kaurin bangon ba za ka yi musu ba.

Daga nan muka gangara Gudhjem, garin masunta ne a jikin tudu, gangaren ya yi tsanani har an hana sauka a kan keke, dole ka tura. Ƙamshin banda ko'ina, kifin herring ne suke kyafawa, a ɗora a kan baƙin burodi da ɗanyen gwaiduwar ƙwai. Kifin na cinye tas, gwaiduwar dai na ture ta gefe, ba da ni ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai injin niƙa mai aiki da iska ne na garin Svaneke, mai suna Bechs Mølle, na shekarar 1629. Ɗakin katako ne sukutum a kan gungume ɗaya, a da in iska ta sauya sai mai niƙa ya kama dogon itacen da ke baya ya juya ɗakin gaba ɗaya ya fuskance ta, ɗaki fa, da duwatsun niƙan a ciki! Na daɗe tsaye ina lissafin nauyinsa har abokin tafiyata ya ce malam, jirgin ruwan da ke zuwa Ystad ta ƙasar Sweden daga garin Rønne yake tashi kuma ba ya jiran kowa.