Saƙon godiya daga iyalin marigayi Baba Rabaran

A madadin mahaifiyarmu da dukan iyali, ina miƙa godiya ga jama'ar da suka tsaya tare da mu tun daga jinyar Baba a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos har zuwa ranar da muka kai shi makwancinsa.

Da yawa cikin waɗanda suka cika majami'a ran jana'iza sun san shi ne a matsayin fasto kawai, amma Baba ɗan manoma ne, wanda ya tashi yana kiwon awaki yana bin mahaifinsa gonar acca da dawa, kuma daga gona ya wuce Zariya horon kuratan soja a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke. Bai cika ba mu labarin fagen fama ba. Abin da muka sani shi ne, bayan an tsagaita wuta a watan Janairun 1970, ya dawo da nauyi a zuciyarsa game da samarin da suka mutu a gabansa babu mai yi musu addu'a, kuma wannan nauyin ne ya sa ya ajiye kaki ya shiga makarantar horar da fastoci ta Baptist da ke Kawo, Kaduna. Shi ya sa zuwan abokansa tsofaffin sojoji ya fi komai taɓa mu, domin wasunsu da sanda suka zo, wasu jikoki ne suka riƙo su, duk da haka suka miƙe suka sara masa. Iyayenmu, mun gode, Allah ya ƙara muku lafiya.

Muna gode wa fastoci da dattawan ikkilisiya, da matan zumunta waɗanda suka kwana a bakin murhu don kada baƙo ya koma da yunwa. Mutanen ƙauyenmu sun zo da hatsi, sun kuma tuna mana cewa ko bayan naɗa shi Rabaran, damina ba ta taɓa wuce shi bai riƙe fartanya ba.

Ba zan rufe ba sai na ambaci maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu suna karɓar gaisuwa tare da mu. Duk wanda ya zauna a Jos tun daga rikicin 2001 ya san darajar wannan zama.

Waɗanda suka kira ko suka aiko saƙo ba mu samu amsawa ba, a yi mana haƙuri, za mu neme ku ɗaya bayan ɗaya. Ubangiji ya sāka wa kowa da alheri.

Babban ɗansa, a madadin iyali, Jos.